Angon da Ƙofar Gareji ta Riƙe

Ba zan taɓa mantawa da Juma'ar da aka ɗaura mini aure ba, kuma ko na so in manta, mutanen unguwarmu a Azare ba za su bari ba. Ni mai walda ne. A shekarun nan da wayar salula ta fara shigowa gari ina ji da ƙuruciya, ina ji da hannuna, bakina kuma ya fi hannun nawa aiki (duk wanda ya san ni a lokacin zai shaida).

Bari in fara da surukina, don shi ne tushen fargabar. Malam Buba mutumin Chinade ne, dattijo mai shanu da gona, ba ya magana biyu. Tun kafin in fara neman 'yarsa Saude ya taɓa kawo mini amalanke in gyara masa, na ce ya dawo gobe, goben nan ta yi ta haihuwa har damina ta kusa fita. Saboda haka da magabatana suka je tambaya, amsar farko da ya bayar ita ce shi ba ya ba mai walda 'ya, don bai taɓa ganin mai cika alkawari a cikinmu ba. Da ƙyar da jiɓin goshi Baffana, Alhaji Sule, ya shawo kansa. Ya yarda, amma da sharaɗi. Ya ce, "Ana idar da sallar Juma'a a nan Chinade za a ɗaura. In liman ya yi sallama na waiga ban ga mutanenku ba, kada ku wahalar da kanku, na fasa." Baffa ya dawo ya maimaita mini maganar nan har sai da na haddace ta.

To, Baffan nan shi ne wakilina, kuma shi kaɗai ne mai mota a danginmu. Garejinsa da ƙofar katako yake. Duk damina sai ta sha ruwa ta kumbura, duk rani ta bushe ta tsattsage, gara kuma tana bin ta ta ƙasa. Da sanyi ya shigo a shekarar, sai na ce bari in yi wa Baffa bajinta tunda shi ke ɗawainiyar aurena. Na cire katakon nan na haɗa masa ƙofar ƙarfe mai ƙyaure biyu, masu buɗewa ta waje. Sauran masu walda suna barin 'yar tazara a tsakanin ƙyauren, ni kuwa na ɗauki wannan ƙazantar aiki ce. Na auna, na goge, na sake gogewa, har ta zama in an rufe ko reza ba ta shiga tsakani. Sannan na shafe ta da baƙin fenti mai ƙyalli, wai don ta yi kama da ta gidajen manya. Duk wanda ya zo wucewa sai na tsayar da shi ya gani (har da waɗanda ba su tambaya ba).

Abin da ban saka a lissafi ba shi ne da sanyin safiya na yi awon nan, ƙofar kuma gabas take kallo. Ƙarfe in ya sha rana yana miƙewa, wannan ko yaron shago ya sani, ni ma na sani, kawai dai son a yaba ne ya rufe mini ido. Asirina bai tonu da wuri ba saboda Baffa ana idar da asuba yake fitar da mota ya tafi kasuwa, ba ya mayar da ita sai bayan magariba. Ba wanda ya taɓa neman buɗe ƙofar nan da tsakar rana.

Aka sa biki a tsakiyar bazara, lokacin da rana a Azare take dukan mutum kamar da gayya. Ranar Juma'ar Baffa bai fita ba. An wanke mota tun jiya, an zuba huhun goro da alewa da dabinon ɗaurin aure a but ɗin motar, aka bar ta a cikin gareji don kada goron ya sha zafi ya yi yaushi. Hantsi ya dubi ludayi muka taru a ƙofar gida, ni cikin farar shadda mai aiki har ƙasa, hula ta zauna, turare kuwa kamar na yi wanka da shi. Baffa ya buɗe kwaɗo, ya zare sakata, ya ja ƙyaure.

Ko motsi.

Ya sake ja. Ya dube ni, na yi murmushi irin na masu sana'a na ce, "Baffa, ai da dabara ake ja, kawo ka gani." Na kama mariƙin, na sake shi da sauri, don zafinsa kamar an sauke tukunya daga murhu. Na naɗe hannu da gefen riga na ja iya ƙarfina. Ƙyauren nan biyu sun cije juna kamar an yi musu walda. Nan take na gane abin da ya faru, na kuma gane wanda ya jawo shi.

"Lafiya dai?" in ji Baffa.

"Lafiya lau, Baffa. 'Yar gardama ce take yi."

"To ka gaya mata Malam Buba ba ya jira."

Maza suka taru aka ɗaura igiya a mariƙi, aka ja da salati, mariƙin ya ɓalle ya biyo mu, muka zube a ƙasa ni da abokaina. Na ce a kawo ruwa a watsa mata ta huce. Hajiya, matar Baffa, ta leƙo daga zaure ta ce famfo ya kwana biyu bai kawo ba, ɗan garuwa kuma bai zo ba, abin da ya rage a randa na girkin biki ne. Da magiya ta ba da bokiti guda. Muka watsa, ƙofar ta yi cuuu, kafin mu ajiye bokitin ta bushe. Na ce a ɗauko giranda, injin yankan ƙarfe, a yanka, aka tuna mini an ɗauke wuta tun safe, mai janareton da muke haya kuma ya rufe ya tafi shirin masallaci. Rana tana ta hawa, zufa tana bin bayana, ina jin maganar Malam Buba tana yawo a kaina.

Sai dabara ta zo mini (Allah Ya raba ku da dabarar mutumin da ya ruɗe). A bangon garejin ta gefe akwai 'yar taga can sama ta shan iska. Na ce tunda ƙofar ta waje take buɗewa, in na shiga na banke ta daga ciki dole ta saki. Na tuɓe babbar riga da 'yar ciki na miƙa wa abokina, na rage daga ni sai singileti da wando. Aka kafa tsani, na tura kai, na tura kafaɗu, ciki ya wuce da ƙyar, wando ya kama wani ƙarfe ya yi ƙyaaat tun daga ƙugu har gwiwa. Ban sami abin riƙewa ba, na tafi da ka, na faɗa tim a kan rufin motar Baffa. Rufin ya lotsa kamar tsohon kwano.

"Mene ne wannan ya yi ƙara?" in ji Baffa daga waje.

Ina ƙoƙarin saukowa ya sake ɗaga murya.

"Kai! Motata ce?"

"Kaɗan ne, Baffa."

"Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un! Wallahi ka sake ɗora ƙafarka a kan motar nan, sai dai ka nemi wani wakilin!"

Na ja da baya na banki ƙofa da kafaɗa, na sake banka, na sa ƙafa, na sa wani guntun turmi da na lalubo a kusurwa. Banda ƙara ba abin da ta ba ni. Sai a lokacin na lura cewa tagar da na shigo ta fi ƙarfin tsallena, hanya ɗaya ta kaiwa gare ta ita ce in taka mota, motar kuma an yi mini rantsuwa a kanta. Tsanin ma aka gwada, ya ƙi shiga tagar. Ango ya kulle kansa da hannunsa.

Baffa dai dattijo ne, ya ga lokaci na ƙurewa. Ya jefo mini makulli ta taga ya ce in buɗe but in miƙo kaya. Huhun goro ba zai wuce ta tagar nan ba, don haka na kwance shi na riƙa cika tsohuwar hular Baffa da na gani a kujerar baya ina cillawa sama, abokina yana kan tsani yana cafewa, wani goron ya fita, wani ya dawo mini a ka. Haka muka yi da alewa da dabino. Aka tsayar da 'yan acaɓa, na ji tashin baburansu, na ji Baffa yana cewa, "Ku yi sauri don Allah, an kusa hawa mumbari." Daga nan unguwa ta yi tsit.

Jama'a, ban taɓa sanin tsawon yini ba sai ranar. Rufin kwano a sama, baƙin ƙarfe a gaba, ciki kamar tanderun burodi. Ina ji lasifikar masallacin Juma'a ta fara huɗuba, ina ji aka tayar da salla, aka yi sallama, ni ina zaune a kan tayar da aka jingine a bango. Na san a Chinade ma yanzu an sallame, Malam Buba ya waiga. Ya gan su? Bai gan su ba? Wayar da nake taƙama da ita tana aljihun babbar riga a waje, kuma ko tana hannuna Chinade ba sabis a lokacin. Na tuna Saude, na tuna yadda ta tsaya kai da fata a gidansu ta ce ita mai waldan nan take so, ga shi mai waldan ya saka mata da abin da ubanta ya faɗa tun farko. Wallahi na yi kuka, kuka sosai, ba na ɓoyewa.

Hajiya ce ta ɗaura goran ruwa a igiya ta sa aka zuro mini ta taga. Tana daga waje tana cewa, "Sannu ango. Ka ci abinci ko a zuro maka tuwo?" Ina jin matan biki suna ƙyaƙyata dariya a bayanta, na ce na ƙoshi.

Can wajen la'asar na ji babura sun tsaya. Na taso na manna kunne a bango. Muryar Baffa na fara ji, a sanyaye, sai kuma wata murya da na sani sarai.

"Nan ne?"

Malam Buba ne da kansa. Ashe sun isa a makare, an riga an watse. Baffa ya rasa abin faɗa sai gaskiya, ya ce ango ne ya maƙale a gareji tare da mota. Malam Buba ya ce ya sha jin ƙaryar masu walda iri-iri, amma bai taɓa jin mai kama da wannan ba. Ya ce zai zo ya gani da idonsa: in ƙarya ce magana ta mutu, in gaskiya ce ya ga abin da zai yi. Ya ɗauko limamin unguwarsu da 'yan'uwansa suka biyo su Baffa.

Ya ƙwanƙwasa ƙofar da sandarsa. "Kana ciki?"

Ku tuna fa, surukina ne, mutumin da ko a hanya na hango shi sai in sake lungu don kunya. Na durƙusa har ƙasa a cikin duhu, kamar yana ganina, na ce, "Ina ciki, Baba. Barka da yamma."

"Wa ya yi ƙofar nan?"

Na ce, "Ni ne, Baba."

"Kai ka yi ta, kuma ta hana ka fita?"

"Haka ne, Baba."

Sai ya yi gyaran murya ya ce, "Alhaji, na yi zaton gudu ya yi. Tunda ga shi a inda ba zai iya cewa a dawo gobe ba, a shimfiɗa tabarma. Liman, bismilla."

A nan ƙofar garejin aka ɗaura. Ina jin Baffa ya nema mini, ina jin an bayar, ina jin an shafa fatiha, ni ma na ɗaga hannu na shafa a cikin duhu, hawaye da zufa sun haɗu. Sai dai duk wannan lokacin rana ta riga ta juya yamma, ƙofar ta jima a inuwa tana hucewa, ni kuma ban lura ba. Don murna na miƙe na jingina da ita in ji addu'ar liman da kyau. Sai ji na yi ƙwas! Ƙyauren biyu suka wangale, na tafi da baya na zube a tsakiyar tabarma, a gaban liman, a gaban surukina, da singileti baƙi ƙirin da wando a yage har gwiwa, ga ɓawon goro a gashina.

Malam Buba ya dube ni daga sama har ƙasa, ya kawar da kai, ya cire rawaninsa ya miƙa wa Baffa ya ce, "A rufa wa ango." Liman ne ya fara kasa riƙe dariya, daga nan kowa ya saki tasa, har matan da ke leƙe ta zaure.

Washegari da sassafe na zo da giranda na rage wa ƙyauren nan baki, na kankare baƙin fenti na shafa mai haske, rufin mota kuma na kai aka buga. Tun daga ranar, in zan haɗa ƙofa sai na tambayi ina take kallo, da rana tsaka nake awo, kuma ina bar mata wurin miƙewa, don na gane aikin da ya matse da yawa mai shi yake fara kamawa. Saude kuwa har yau in muka ɗan saɓa, na fara ɗaga murya ina cewa ni ne mai gidan nan, sai ta ci gaba da tankaɗen garinta ta ce, "A hankali dai, Malam. Shaidu suna nan da ransu, ni da ƙofa aka ɗaura mini aure, kai daga baya ka faɗo."