Rasuwar Wayar Mai Takalma

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika har wuya, mai ɗinkin takalma na shagon nan mai koriyar ƙofa yana sanar da 'yan uwa, abokan arziki da duk wanda bai riga ya toshe lambarsa ba, rasuwar wayarsa, abokiyar sana'arsa kuma abokiyar zamansa. Ta cika a kan teburin yankan fata, tsakanin gwangwanin gam da almakashi, tana tsaka da tura hoton takalmi ga mutanen da ba su tambaya ba.

Marigayiya ta shigo gidan ne ta hannun Auta, 'yarsa, lokacin da za ta bi mijinta wani gari mai nisa. Ta saya masa ita don su riƙa jin muryar juna, domin tun rasuwar mahaifiyarta shi kaɗai yake kwana a ɗakin bayan shago. Daga baya wani ya nuna masa ana ciniki da waya. Tun daga ranar baiwar Allah ba ta ƙara hutawa ba.

An shaide ta da haƙuri da biyayya. Ya ɗauki hoto a cikin duhu, babban yatsansa ya rufe rabin takalmin, ta yaɗa shi haka nan. Ya tattara dangi, maƙwabta da surukai ya zuba a guruf ɗaya na hirar waya ba tare da neman izininsu ba, ta riƙe su. Kullum ta sanar da duniya cewa saura ƙafa ɗaya kaya su ƙare, alhali kantar shago na nishi da nauyinsu. Wanda ya tambayi farashi, sai ta isar masa da amsar maigidanta cewa ya biyo ta gefe a yi magana, kuma ba a cika biyowa ba. Ita ta yi renon dubban mabiyan da ya saya a intanet, waɗanda har yau ba a tabbatar suna da ƙafafu ba.

Da farko bakinta ba ya shiru: ƙirrin da safe, ƙirrin da rana. Sannu a hankali dangi suka riƙa zamewa daga guruf ɗin, kowa ya fita babu sallama. Auta ce ta daure. Amma duk sanda ta gaishe shi, saƙon nan da ya saita wa masu saye ne yake tarbar ta, yana tambayar lambar takalmin da take sawa. Ranar da ta turo hoton jaririnta, ya ji daɗi ƙwarai, sai dai abin da hannunsa ya saba shi ya yi: ya mayar mata da hoton takalman yara, ya ce akwai ragi.

Cikin duk sautin marigayiya, wanda ya fi tsaya masa a rai shi ne muryar Auta da ta fito da ita a yammacin ranar: "Baba, ni fa ba kwastoma ba ce. Jikanka na nuna maka." Ya yi niyyar kira idan ya gama tura kayan ranar. Kayan ranar kuwa ba sa ƙarewa. Bayan wani lokaci Auta ta sake turo saƙon murya, mai ɗan tsawo. Ya gan shi, kunya ta hana shi buɗewa, ya bar wa gobe.

Jinyar marigayiya ba ta daɗe ba. Cikinta ya cika da hotuna, jikinta ya yi zafi, batir ya kumbura har ya ɗaga mata baya. Mai gyara ya buɗe ta, ya girgiza kai, ya tambaya ko an taɓa adana abin da ke ciki a wani wuri. Ba a taɓa ba. Ta tafi da lambobin mutane duka, har da ta Auta wadda bai taɓa haddacewa ba, ta tafi da saƙon da bai saurara ba.

Ta rasu ta bar caja mai ɗaurin roba, murfi mai tsage, da layinta. An mayar da layin cikin wata 'yar ƙaramar waya mai maɓallai, yana nan a gefen keken ɗinki. Maigidan yakan tsayar da keken ya saurara. Bai taɓa jin kaɗaici irin wannan ba, domin har yanzu ba wanda ya lura ya yi shiru.

Za a naɗe marigayiya da ƙyallen goge takalmi, a sa ta cikin kwalin da ta zo da shi, a ajiye a ƙasan aljihun tebur. Ana karɓar gaisuwa a shago daga buɗewa har rufewa. An share benci, an kuma juya takalman sun fuskanci bango, ba za a nuna wa kowa komai ba.

Duk wanda ya san inda Auta take, don Allah ya gaya mata lambar Baba ba ta canza ba. Ya kuma gaya mata wannan ba talla ba ce.