Rasuwar Gaba-da-Baya, Wayar Hotunan Inna

Da zuciya cike da baƙin ciki, da jiki cike da gajiya, nake sanar da dangi da maƙwabta rasuwar babbar wayar nan ta mahaifiyarmu, wadda gidanmu ya sani da suna Gaba-da-Baya. Rai ya yi halinsa ranar Talata da hantsi, a kan cinyar Inna, bayan doguwar jinyar kumburin batir. Ta rasu tana da shekara tara, wanda a shekarun waya tsufa ne tukuf.

Marigayiya ba ta kira, ba ta amsa kira. Aikinta ɗaya ne tal. Bayan rasuwar Baba, ni da rubuta manhaja ce sana'ata na tara hotunansa sittin na jera su, na yi wa Inna manyan maɓallai biyu, kore da ja, a kan allo saboda idonta. Kowane hoto da lambarsa a jerin. Kore ya ƙara ɗaya a kan lambar, hoto na gaba ya fito. Ja ya rage ɗaya, a koma baya. Da yake kwamfuta daga sifili take fara ƙirga, hoto na sifili shi ne Baba yana saurayi a kan keke, na hamsin da tara kuwa yana kwance a gadon asibiti. Duk dannawa sai marigayiya ta ce ƙit, ba ta taɓa ƙara ko kalma a kai ba.

Ba a ɓoye gaskiya a kan gawa: tana da aibi, kuma ni na haife ta da shi. Idan Inna ta kai hoton asibiti ta danna kore, sai wayar ta nemi lamba sittin, alhali babu ita a jerin, allo ya daskare. Nan take kiran Inna ta wata wayar zai same ni a wurin aiki: “Auta, abar nan ta sake suma.” Sau goma sha ɗaya ina barin aiki ina zuwa farfaɗo da ita. Ba don hikima ba, don na gaji ne na ƙara layi guda a manhajar, cewa in lamba ta wuce ƙarshe a mayar da ita sifili.

Ashe abin da na yi don in huta, shi Inna za ta riƙe hannu bibbiyu. Ranar da ta danna kore a kan hoton gadon asibiti, Baba ya fito a kan kekensa, sai ta ɗago ta dube ni ta ce, “Ka gani? An sallame shi.” Tun daga ranar, shekara shida, kullum da safe sai ta bi jerin ɗaya bayan ɗaya har ƙarshe, ta sallame shi, sannan ta karya kumallo.

Ranar Talata ta kai hamsin da tara. Ta danna kore, ba ƙit. Allon ya dushe a hankali da Baba a kwance.

Marigayiya ta bar caja mai lanƙwasasshen baki, da riga ta roba da ta yi rawaya, da tsumman goge allo, da tsohuwa guda wadda kwana uku ke nan sai an yi da gaske take sa abu a bakinta. Masu zuwa ta'aziyya, don Allah ku daina ce mini in sa hotunan a sabuwar waya. Na sa, har da maɓallan, kore da ja. Ta ture ta gefe ta ce, “Ba a nan na bar shi ba.” Na yi bayani har bakina ya bushe. Na gaji, kuma na daina ganin laifinta.

Za a yi jana'iza ranar Asabar da ƙarfe goma na safe, a durowar ƙasa ta ɗakin Inna, kusa da tabaran Baba. Kafin nan za mu biya shagon mai gyara, wanda ya ce zai jona mata batir na aro, amma bai yi alkawarin za ta wuce minti ɗaya ba. Na duba manhajar da na rubuta, tana ajiye lambar da aka tsaya a kai, don haka in ta farka a hamsin da tara za ta farka. Ana roƙon masu rakiya kada kowa ya taɓa allon. Inna za ta danna kore sau ɗaya, sannan a rufe marigayiya.