Haƙora Ɗari da Talatin

"Lafiya lau, Mbah. Kai dai za a tambaya. Gwiwoyin sun yarda sun biyo ka yau?" in ji 'yata Wening. Mbah take kiran mahaifina, wato kaka.

"Sun biyo ni, Nduk. Ke hankalinki ya biyo ki, ko kin baro shi a kasuwa?" in ji shi. Shi kuma Nduk yake kiranta, wato 'yar yarinya.

Safiyar Talata ce, a garejin bayan gidanmu a Klaten. Mahaifina, Mbah Kasiran, ya shekara arba'in yana gyaran Kodok, motar nan mai inji a baya wadda iska ke sanyaya ta, kafin idanunsa su yi rauni. 'Yata Wening ta dawo daga kasuwar gwanjo ta Solo da faifan ƙarfe mai haƙora a gefe, wanda kik ke kamawa ya juya inji. Motar ta ɗana Galih ce. Ya sauke injinta, ya jera kayan a akwatuna, bai kai ga mayarwa ba. Ranar Asabar zai cika kwana dubu da rasuwa. Za mu je kabarinsa a Wonogiri mu kafa dutse, na kuma ce a motarsa nake so mu je. Wening ta haɗa komai, saura faifan. Mai kayan ya ce in bai yi ba a mayar masa kafin azahar, don Surabaya zai wuce.

Tun ranar jana'iza mahaifina bai taka garejin ba sai yau.

"Miƙo in ji," in ji shi. Ya ɗora faifan a cinya. "Kai! Murfin rijiya kika sayo mana? Wa ya sayar miki?"

"Wani mai ido biyu."

"Da su ya hango wawiya tun daga bakin ƙofa." Ya bi gefen da babban yatsa. "Haƙoran sun yi ƙanana. Na mota mai babban batir ne, mai ƙarfin wuta bolt sha biyu. Wannan motar ƙirar shekarar sittin da huɗu ce, bolt shida. Haƙori ɗari da tara ake nema, ba ƙari ba ragi."

"Ɗari da talatin ake nema."

"Ji mini yarinya! Ni na ɗaura injin nan uwarki tana firamare."

"Na sani, Mbah. Kai da motar sa'anni ne. Ita dai ana samun kayan gyaranta."

"Ke da kika taɓa tambayata ina ake zuba mata ruwa? Kika zagaya ta sau uku da buta kina neman lagireto?"

"Shekarata tara. Kai bara ka sa wa kyanwa hula ka ce mai unguwa Pak RT ne ya zo gaisuwa."

"Ta fi shi iya sauraro. Lastri!" Ni yake kira. "Gaya wa 'yarki ta hau babur ta mayar da kayan mutane tun rana ba ta yi ba."

Na ce ni shayi na kawo. Na ajiye shi da soyayyen tempe na waken soya a kan benci, na duba agogo. Goma saura kwata. Daga nan zuwa Solo awa guda ce in hanya ta yi kyau. Ban san wanda ke da gaskiya a cikinsu ba.

"In na mayar kuma ya zama shi ne fa?" in ji Wening.

"Sai in goya uwarki har Wonogiri."

"Da waɗannan gwiwoyin? Sai mu isa a kwana dubu biyu." Ta jawo akwati daga ƙarƙashin benci, ta fito da tsohon faifan, wanda ya tsage daga tsakiya. "Ga wanda yayana Mas Galih ya cire. Ga alli. Ƙirga da kanka, kar ka ce na ci biyu."

"Ke ai kya ci. Dubi tempe, har ya ragu."

Ya shafa alli a haƙori ɗaya, ya fara. Yana ƙirgawa da yatsa, leɓunansa na motsi, Wening na tsaye a kansa.

"Sittin da bakwai, Mbah, ba saba'in da shida ba."

"Rufe mini baki, aku."

Ya kai ɗari. Ya kai ɗari da tara. Allin yana can gaba, tazarar tafin hannu. Yatsansa ya tsaya a wurin. Sai ya ci gaba a hankali, bai ƙara ɗaga murya ba, har ya dawo kan allin.

"Nawa?" in ji Wening.

Ya tashi, ya dafa motar, ya buɗe ƙofa. "Ɗaga mini kujerar baya."

Ta ɗaga. Batirin na nan inda yake, ya daɗe da mutuwa. Ya laluba samansa yana taɓa murafen. Ƙaramin batir murfi uku gare shi. Wannan shida ne.

"Yaushe Galih ya canza shi?" ya tambaya.

"Shekara biyu kafin ya kwanta ciwo. Ya gaji da turi kowace safiya. Ya sa na rantse ba zan faɗa ba."

"Me ya sa?"

"Bakinka, Mbah. Ka ce duk wanda ya canza wa Kodok wuta, gara ya sayi injin wanki ya hau."

"Na faɗa. Kuma gaskiya ce." Ya zauna a bakin ƙofar motar. "Shekara biyu! Ni kuwa ina tara mutane a shagon shayi, ina cewa ku saurara, murɗa ɗaya take tashi, aikin hannuna ne. Yana tsaye a gefe yana gyaɗa kai kamar limami."

"Har cewa yake, 'Ai Mbah ba wasa.'"

"Ɗan banza." Ya faɗe ta a hankali, yadda yake faɗa wa Galih in ya cinye shi a dara. Ya goge fuska da gefen zanensa. Ni na juya ina gyara kofuna.

Can ya ɗago. "Tsaya. Babban notin da ke riƙe faifan nan, sai sifana mai lamba talatin da shida. Duk unguwar nan ni kaɗai ke da ita, ban kuma taɓa ba kowa aro ba. Da me ya kwance?"

Wening ta kalli rufi.

"Nduk."

"Kana masallacin Juma'a. Ya ɗauko sifanar daga buhun shinkafa, bayan kabad. Ni na yi gadi."

Dariya ta ƙwace masa har da tari, sai da na miƙa masa shayi. Ya kurɓa, ya nuna ta da kofin.

"Ɓarayi biyu na goya ashe. Je ki ɗauko ta, tunda kin san hanya. Kar ki mayar, taki ce. Ki dawo da wuri, ni zan riƙe miki faifan ki ɗaure."