Waƙar Sikotland a Bikin Rabi

Ba zan taɓa mantawa da bikin ƙanwata Rabi a Yako ba, duk da na yi iya ƙoƙarina in manta.

Lokacin ban daɗe da dawowa daga karatu a Kano ba, kai ya kumbura. Na sauke wani kundin waƙoƙi a wayata, na wasu samarin Sikotland masu kaɗa jita, waɗanda ko a ƙasarsu ba kowa ya san su ba (abin da ya sa nake ji da su ke nan). Duk wanda ya kunna waƙar Hausa sai in yatsine fuska in ce, "Ku dai ba ku san kiɗa ba." Alhali ni ɗin ba na tsintar komai a bakin mawaƙin. Turancinsa kamar na mai magana da tuwo mai zafi a baki.

Ranar yinin biki mata na tsaka da rawa, wayar mai kiɗa ta mutu. Na yi wuf na jona tawa da lasifika, har da karɓar makirfo: "Jama'a, yau za ku ji kiɗan duniya!"

Jita ta fara kuka. Can sai wani ƙato ya shiga gurnani a cikin waƙar. Rawa ta tsaya cak. Gwaggo Hajara, yayar babanmu, ta riƙe haɓa.

"Kai ɗan nan, rasuwa aka yi musu?"

"A'a Gwaggo, waƙar soyayya ce."

"To me yake cewa?"

"Cewa yake... Allah ya ba amarya da ango zaman lafiya."

Ashe ƙawar amarya, wata malamar Turanci daga Tiga, ta lalubo baitocin a wayarta. Ta karɓe makirfon daga hannuna ta fassara tiryan-tiryan: mutumin yana nadamar ranar da ya yi aure, matar ta kwashe kayanta cikin ruwan sama, shi kuma yana mashaya yana kuka.

Wata gwaggon ango ta miƙe ta ja mayafi. "In ba ku son auren, ai sai ku faɗa mana da Hausa."

Rabi ta fashe da kuka. Washegari Baba ya tasa ni gaba a babur har Badafi, garin su ango, na durƙusa ina ba da haƙuri kan laifin matar wani Bature da ban taɓa gani ba.

Auren dai yana nan lafiya. Ni kuma na koyi abu guda: kafin ka ɗora kukan wani ƙato a lasifika, fara tambaya me ke damunsa.