Ranar Da Na Yabi Gajere A Lasifika

Ba zan taɓa mantawa ba, ko da tsufa zai kwashe sauran abin da ya rage a kaina, da ranar da na tsaya tsakiyar filin ƙwallon kwando a Gusau, takalmina a hannu, na shaida wa jama'a cewa ni maƙaryaciya ce. Ni da ko a gidan suna ba a jin muryata.

Bari in fara daga tushe. Ni mutuniyar Nahuce ce, can aka haife ni, can na yi aure, can na binne maigidana. Da zaman ƙauye ya yi wuya sai ɗana Sani, wanda ke jan mota tsakanin Gusau da Tsafe, ya ɗauko ni ya kawo ni gidansa a Tudun Wada. Yana da ɗa namiji da ke ajin ƙarshe na sakandare. Duk unguwa Dogo suke ce masa, don sai ya sunkuya yake shiga ɗakina. Ni kuwa Gajere nake kiransa, kuma ina da dalilina.

Kafin Sani na haifi wani ɗan. Ɗan fari ne, har yau bakina bai faɗin sunansa. Shi ma haka ya tashi, dogo, mai faɗin ƙirji. Wata shekara da kaka ya ɗauki dami biyu na gero a ka ya ratsa gari, mutane suka fito suna kallo, kowa na cewa bai taɓa ganin ƙarfi irin wannan ba. Ba wanda ya ce tubarkalla. Ni kaina daɗi na ji, har na ƙara musu da labarin abin da ba su gani ba. Kafin damina ta zagayo sanƙarau ya ɗauke shi cikin kwana uku. Malamai sun faɗa mini ajali ne, na kuma yarda. Amma tun daga ranar na ɗaure bakina. In na ga abin da nake so, sai in kushe shi, don bakin mutane ya wuce ta gefe.

To, shi Gajere ƙwallon kwando ya sa gaba. (Da aka fara yi mini bayani, na ce wane irin kwando ne ba gindi, duk abin da ka zuba ya zube ƙasa, kuma a tafa maka. Har yau ban samu amsar da ta gamsar da ni ba.) Malaminsu na wasanni, Malam Bello, shi ya ɗauki hotonsa mai motsi yana wasa ya tura wa wata jami'a can nesa da mu. Sai aka aiko cewa mai horar da 'yan wasansu, koci suke ce masa, zai zo da kansa. Gurbi ɗaya ne. Wanda aka ɗauka zai yi karatu kyauta, da wurin kwana da abinci. Yara biyu ake dubawa: Gajere da wani yaro ɗan Damba. Sani bai da halin kai yaro jami'a, wannan kowa a gidan ya sani, ko ba a faɗa ba.

Ranar da baƙon zai zo gaishe da iyaye, Sani ya fita da sassafe ya ce zai dawo kafin azahar. Mota ta lalace masa a Tsafe. Uwar yaron kuma ta ce ita ba ta iya fita gaban baƙon namiji, ga shi ɗanta na fari ake magana a kansa. Sai ya zama ni ce babba. Na dama fura, na sa mayafina na Sallah, na zauna a zaure.

Malam Bello ya shigo da shi. Mutumin kudu ne, shi ma dogo, kansa a aske, yana jin Hausa irin ta wanda ya tashi a bariki. Ya durƙusa ya gaishe ni, ya sha fura ya yaba. Malam Bello ya ce bari ya je makaranta ya taho da yaron, ya bar mu mu biyu.

Nan baƙo ya buɗe baki. Ya ce ya zagaya garuruwa da yawa bai ga yaro mai tsawon hannu irin na jikana ba. Ya ce ya auna shi daga wannan yatsa zuwa wancan, abin ya ba shi mamaki. Ya yabi tsallensa, ya yabi ƙafarsa, ya yabi idonsa. Ina zaune ina jira ya ce tubarkalla, ko masha Allah, ko da sau ɗaya. Shiru. Sai zuba yake yi, gaɓa bayan gaɓa, kamar mai taya bijimi a kasuwa. Wallahi dami biyun nan na gero na riƙa gani a gabana.

Na gyara zama na ce, "Wanga yaro? Tsawon banza ne, ɗana. Karan dawa ne, iska kaɗan ya kwanta."

Ya yi dariya, ya ciro ɗan littafi da biro. Ya tambaye ni lafiyar yaron tun yana ƙarami. Na ce ai gwiwarsa ta hagu kullum cikin ciwo take. Na ce da ya yi gudu kaɗan sai haki, muna zaton fuka ce. Na ce da rana ta faɗi ba ya gani sosai, dundumi gare shi. Ya tambayi halinsa, na ce barci har hantsi, ga ci kamar fara, ga rashin jin magana. Duk abin da na faɗa sai ya rubuta. (Ni da ban yi boko ba, ganin yana rubutawa har wani girma na ji, na ce yau maganata ta shiga takarda.) Dariyarsa dai na ga tana raguwa, na ce alhamdu lillahi, bakinsa ya mutu, na kare jikana.

Da Malam Bello ya dawo da yaron, baƙo ya gaisa da shi sama-sama, ya dubi gwiwarsa ta hagu, ya yi sallama.

Bayan la'asar Sani ya dawo hannu duk baƙin mai. Bai gama wanke shi ba wayarsa ta yi ƙara. Ina jinsa yana cewa wace gwiwa, wace fuka, wa ya faɗa. Sai ya juyo ya dube ni. Tun da na haife shi bai taɓa yi mini irin wannan kallon ba. Ya ce Malam Bello ne. Koci ya ce ba zai iya ɗaukar yaron da kakarsa ta cikin gida ta shaida yana da ciwo uku ba, don tsohuwa ba ta da dalilin yi wa jikanta ƙarya. Malam Bello ya yi ta yi masa bayanin al'ada, koci ya ce shi abin da ya ji da kunnensa ya rubuta. Gobe da safe za a yi wasan gwaji na ƙarshe, amma hankalinsa ya riga ya koma kan ɗan Damba.

Ba wanda ya yi mini faɗa, kuma da an yi da ya fi mini sauƙi. Surukata ta shige ɗaki. Gajere ya zo ya tsuguna bakin ƙofata, shi da kullum sai ya tsokane ni ya ce tsohuwar matarsa ta ƙi mutuwa ya auri sabuwa. Ranar bai yi wasa ba.

Ya ce, "Inna, gwiwata ta taɓa ciwo?"

Na ce a'a.

Ya ce, "To," ya tashi. Tuwon da na ajiye masa haka ya kwana.

Da gari ya waye suka tafi shi da ubansa, ba su ce in zo ba. Na ɗauki tasbaha na ajiye. Na ɗauki tsintsiya na ajiye. In na je na yabe shi gaban mutane, na buɗe ƙofar da na shekara arba'in ina tokare da ita. In na zauna, na rufe masa tasa ƙofar da hannuna. Na yi ta auna biyun har rana ta ɗaga, sannan na ja mayafi na tare Keke Napep na ce ya kai ni inda ake jefa ƙwallo a kwando.

Wurin cike yake da 'yan makaranta maza da mata, da malamai, da 'yan kallo. Filin siminti ne an shafe shi da fenti, tsaf, har da zane-zane. Ganin tsabtarsa ya sa na tuɓe takalmina na riƙe, don ba a yi mini tarbiyyar taka wuri irin wannan da ƙazanta ba. Na hango koci can ɗaya gefen da littafinsa. Ban ga wata hanya ba sai ta tsakiya, na kuwa bi ta tsakiya.

Ashe wasa ake yi. Yara goma suka taho a guje kamar garken shanu, suka rabu biyu suka wuce ni. Ƙwallo ta wuce ta saman ɗankwalina. Aka busa usur, aka sake busawa. Ni dai ban tsaya ba har na isa gabansa.

Malam Bello na tsaye kusa da shi, riƙe da wani abu baƙi a hannu, shi ke faɗa wa jama'a wanda ya ci. Ya matso da sauri yana cewa, "Inna, lafiya?" Abin nan na hannunsa ya zo daidai bakina. Ban san aikinsa ba.

Na ce, "Ɗana, jiya ƙarya na yi maka."

Sai na ji muryata ta fito ta saman wani ƙarfe, ta bugi bango ta dawo, ƙatuwa, kamar ta mai shelar gari. Wuri ya yi tsit. Da mai hankali ce da ta yi shiru. Ni kuwa tsoro ya riga ya kwance mini baki, na ce in na tsaya ba zan iya sake farawa ba.

Na ce gwiwar jikana lafiya lau, tubarkalla. Na ce ba shi da fuka, yana ɗaukar buhun masara daga bakin titi har cikin gida bai yi nishi ba, tubarkalla. Na ce idonsa ko allura ta faɗi da magariba shi ke tsinto mini. Na ce shi ke fara tashi da asuba, shi ke ja mini ruwa, shi ke yanke mini farce. Kowace magana in na faɗa sai in tofa a gefe, lasifika kuma ta ɗauki tofin ta watsa wa jama'a. Yabo na shekara goma sha takwas da na danne ya taso gaba ɗaya, na rasa inda zan tsaya. Har na ce yaro ne mai tsabta, tun yana shekara bakwai ya daina fitsarin kwance.

Nan filin ya fashe. 'Yan mata suka riƙa faɗawa jikin juna. Wani yaro ya kwanta a siminti yana dukan ƙasa. Na waiwaya na ga Gajere ya ja rigarsa ya rufe fuska, duk tsawon nan nasa yana neman inda zai ɓoye shi. Sani kuwa ya juya baya yana kallon katanga kamar an rubuta masa wani abu a jiki.

Koci bai yi dariya ba, ko da yake na ga gefen bakinsa na rawa. Ya buɗe littafinsa ya ce, "Mama, jiya kin faɗi ɗaya, yau kin faɗi ɗaya. Wanne zan riƙe?"

Na ce, "Riƙe na yau. Amma ka ce tubarkalla tukuna. Jiya ka yaba shi tun daga kai har ƙafa ba ka faɗa ba."

Ya dubi Malam Bello, ya dube ni. Sai ya karɓi abin maganar ya faɗa a ciki, da Hausarsa ta bariki, har sau uku. Jama'a suka amsa masa. Ya ce shi yanzu bai san wace tsohuwar zai gaskata ba, ta jiya ko ta yau, don haka likita zai duba yaron, fili kuma ya faɗi sauran. Ya sa aka ba ni kujera, aka ci gaba.

Ban taɓa zama a kujera mai zafi irin wannan ba. Duk lokacin da ƙwallo ta zo hannun Gajere sai 'yan kallo su ɗauka, "Shekara bakwai! Shekara bakwai!" Jifansa na farko ya bugi ƙarfe ya dawo. Na biyu ko ƙarfen bai taɓa ba. Na ce shi ke nan, jiya na kashe shi da kushe, yau na ƙarasa shi da yabo. Na rufe ido na kama salati. Ban ga na uku ba, ihu kawai na ji. Da na buɗe ido ya sake tashi sama, sama ƙwarai, ya dangwara ta cikin kwandon da hannu biyu, ya sauko a kan gwiwar nan ta hagu da na yi wa sharri, ya juya da gudu. Daga nan ban ƙara rufe ido ba.

Sati biyu muka yi muna jira. Likita ya duba bai sami komai ba. A cikin sati biyun nan ban iya zuwa ko'ina ba, don har mai kayan miya in ya gan ni sai ya ce, "Inna, yau wanne za mu riƙe, na jiya ko na yau?" Sannan takarda ta zo. Sun ɗauke shi. (Ɗan Damba ma na ji wata makarantar ta kira shi, na kuma ji daɗi, don kakarsa ba ta yi masa laifin komai ba.)

Ranar tafiyarsa na ƙulle masa hoce da ƙuli-ƙuli. Ya tsuguna ya ce ya yafe mini gwiwa da fuka da dundumi, amma shekara bakwai sai mun tsaya gaban Allah, don shi a saninsa shida ne.

Abin da na koya ke nan da tsufana: in mutum ya zo da biro a hannu, a faɗa masa gaskiya, a sa shi ya ce tubarkalla, kuma a dubi abin da ke kusa da baki kafin a buɗe shi. Sauran mutane kuwa ban canja musu ba. Jiya ma maƙwabciyata ta ce ta ga Dogo a waya yana tashi sama kamar tsuntsu. Na ce mata wane Dogo, Gajere dai, rago ne, abincin makaranta kawai ya je ci. Sai da ta fita na tofa a gefe na faɗi abin da ta manta.