Kifin Hambali ya koma ruwa

Abokinmu Hambali irin mutanen nan ne da ke ɗaukar kunyar surukai kamar farilla. Ko ruwa ba ya iya kurɓa a gaban uban matarsa, Malam Barau, balle a zo batun tauna. To, ranar nan sai ga shi an ɗora masa tuƙa tsohon daga Zariya zuwa Lakwaja gaisuwar wani ɗan'uwa. Da asuba suka fita, Hambali ko koko bai sha ba, wai in an isa ya lallaɓa ya ci. Suna shiga gari da hantsi Malam ya hango wurin shaƙatawa a bakin kogi, ga inuwa ga kujeru, ya ce ai gaggawa aikin shaiɗan ce, a tsaya ya ga ruwan da tun yana yaro yake jin labari.

Malam kuwa ya sake sosai. Ya tsaya ya kalli masunta suna jan taru, ya shiga kwale-kwale aka zaga da shi, ya sa aka ɗauke shi hoto ta gabas ta yamma, duk itacen da ya gani sai ya tambayi sunansa. Hambali na biye da shi riƙe da buta da darduma, cikinsa na ta kiran ciroma. Wallahi ni da yake ba ni labari sai da ya ba ni tausayi, amma dai shi ya so.

Bayan azahar Malam ya zauna a gindin bishiya, ya sa mai suya ta kawo karfasa manya guda biyu, da yaji da albasa.

"Malam Hambali, bismillah."

"Alhamdu lillahi, Baba, a ƙoshe nake."

"Ikon Allah! Yaran yanzu akwai juriya," in ji Malam. Ya cinye nasa, ya jawo na Hambali ya haɗa, har da tsotse ƙaya.

Da la'asar ta kawo jiki ido ya raina fata. Hambali ya ce bari ya je ya sabunta alwala. Ya zaga ta baya ya sayi kifi ɗaya, ya gangara bakin ruwa ya tsuguna a bayan wani kwale-kwale da aka kife, ya hau shi da ci hannu baka hannu ƙwarya. Ya kai rabi ke nan sai ya ji gyaran murya a kansa. Ashe tsohon shi ma alwalar ce ta gangaro da shi. Kafin ka ce kwabo Hambali ya wurga kifin cikin kogi, ya miƙe ya yi tsuru-tsuru.

"Me na ga ka jefa a ruwa haka?"

"Wani kifi ne, Baba. Na same shi a kan tudu yana shan wahala, shi ne na mayar da shi cikin 'yan'uwansa."

Malam ya dubi rabin soyayyen kifi yana yawo a kan ruwa da yajinsa, ya juyo ya ƙare wa Hambali kallo, ya gyaɗa kai.

"Allah ya ba ka ladan ceton rai. Na ga alama har tofi ka yi masa, ga maiƙo nan a bakinka."