Wasan Ƙwallo Ya Sauya Kamfani

"Lafiya lau, sai dai shagon naka yana nan da warin safarsa."

"Warin arziki kenan. Shigo, Attajira, kada kamfaninki ya rufto miki a bakin ƙofata."

Tela ce ita, shi kuma ɗan goggonta ne mai gidan gem, kuma tun suna yara ba sa gaisawa sai da tsiya. Bara ta ga yara na layi a shagonsa saboda wasan ƙwallon talabijin, sai ta kwashi kuɗin keken surfanin da take tarawa ta sayi hannun jarin kamfanin da ke yin wasan. Jiya aka ce wani kamfani ya ƙwace wasan. Farashi ya kama gangara, hankalinta ya tashi. Ta zo ta ji ko ta sayar ko ta riƙe.

"Kai da ba ka da sana'a sai kallon yara suna danna maɓalli, faɗa min gaskiya. Kamfanin zai tashi?"

"Zai tashi mana. Ki ɗinke shi. Ba ke kika yi min wando ƙafa ɗaya ta fi ɗaya ba?"

"Ƙafafunka ne ba daidai ba. Goggo ma ta sani."

"Riƙe abinki. Kamfanin nan ƙarfe ne. Ni da shi sai mutuwa."

Yana rantsuwa yana jingine da ƙofar ɗakin ajiya, ya baje kafaɗu kamar mai tsaron raga. Mutumin da ko ruwa a zaune yake miƙo hannu a ba shi, yau ya ƙi zama.

"Matsa."

"Ɓeraye ne a ciki."

"Ai na saba, ga babbansu ina magana da shi."

Ta ture shi. Kwalaye ne sababbi fil har rufi, kowanne da tambarin kamfanin da ya ƙwace wasan. Hoton tsohon kamfanin kuwa an naɗe shi an toshe tagar da ta fashe.

"Sai mutuwa, ko?"

"To ai ya mutu."

"Yaushe ka yi odar waɗannan?"

Ya sosa ƙeya. "Watan jiya. Yaran ne suka fara gulmar."

"Ka sani tun watan jiya, ka bar ni ina barci?"

"Da na faɗa, cewa za ki yi hassada nake yi."

Haka kuwa za ta ce, shi ya sa abin ya ƙara mata zafi. Ya jawo kujerarsa ya tura mata.

"Zauna ki sayar yanzu. Abin da ya ragu a keken ni zan cika, amma surfanin farko a wuyan rigata."

Ta zauna ta ciro waya.

"Zan yi maka. Ɓera zan zana."

Ya tuntsire da dariya. "Na yarda. Ki dai sa masa hula."